Yadda zari-ruga ta raba ni da lasifikar masallaci

Shekara goma sha ɗaya ina kiran sallar azahar da la'asar a masallacin layinmu a Gwallaga, saboda a lokacin ladan na ainihi yana rumfarsa a kasuwar Muda Lawal. Ba wanda ya taɓa ba ni ko goro a kai. Ni dai a ji a ce muryar wane ce, ya ishe ni. To wannan ɗin ma an ƙwace, wai a kan wasan Turawa da ake cewa zari-ruga.

Ɗana na biyu ma'aikacin jinya ne a Ingila, shi ya matsa in je a duba mini ido. Bayan an yi mini aikin idon, kwana tara ina ɗaki kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Rana ta goma, wata Asabar, na yi azahar, na ɗora rigar sanyinsa a kan babbar rigata, na fita in ga gari. Ban yi nisa ba ruwa ya sauko, irin nasu mai shiga ƙashi. Na hango wata ƙofa da zanen zakara a allonta. Ni boko aji uku na yi malamin ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar buhu, don haka rubutun bai gaya mini komai ba. Na ce to, masu gasa kaji ne, na tura ƙofa.

Warin da ya tare ni kamar dusar da ta kwana a ruwa. Nan take na gane mashaya ce. Allah shaida na juya zan fita. Sai idona, wannan da aka gyara, ya faɗa kan wata ƙatuwar talabijin a bango, daidai lokacin da wani ƙato ya sunkuya ya kwashi ƙafafun wani ƙaton ya maka shi da ƙasa.

Da ƙuruciya ba ƙauyen da ban bi kokawa ba bayan kaka. Ban taɓa kayar da kowa ba, ni ake kayarwa, amma a kirari ba mai kama ƙafata. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi.

"Kaye! Wallahi ya sha ƙasa!"

Sai na ji wani daga cikin taron ya ce da Hausa, "Kai! Baba, wane gari?"

"Bauchi. Gwallaga."

"Wayyo Allah! Ni ɗan Dass ne!"

Wani baƙin mutum ne mai furfura kaɗan, Kirista, direban bas a can. Ya rungume ni har hulata ta karkace. Ya ce rabon da ya ji an ce kaye tun mamarsa tana da rai.

"Baba, ka san inda ka shigo kuwa?"

"Na sani. Ruwa nake fakewa."

"Ai ruwan ya ɗauke."

"Zai dawo, ɗana. Matsa in zauna."

Ya kawo mini ruwan tuffa. Sai da na sa ya nuno mini kwalin, na shinshina sau uku, sannan na kurɓa. Abin da ban lura ba, launinsa da na abin da ke gaban kowa ɗaya ne.

Ya shiga yi mini bayani. Ƙwallon kamar gwanda, ana gudu da ita gaba amma baya ake jefa ta. Wannan bai dame ni ba, kowa da haukansa. Abin da ya ƙona mini rai rashin kunya. A wajenmu, gwiwarka ta taɓa ƙasa an gama, ta bayan gari za ka koma gida, kuma labari ya riga ka isa. Nan kuwa a kayar da ƙato sau goma, ya tashi ya tofar da yawu ya ci gaba, ko kansa ba ya sunkuyarwa. Shi kuma wanda ya yi kayen, ba ganga, ba guɗa, ba mai ce masa sannu. Wace irin ƙasa ce wannan? Na ce tunda ba su da mai yi, ni zan yi.

Ashe duk ɗakin masu farar riga suke goya wa baya. Can wani mai koriyar riga ya ɗaga mai fara ya dasa shi da ka. Na miƙe, kofi a hannu.

"Sai kai, guduma mai kwana a dutse! Na ƙasa, gai da ƙasa!"

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Ɗan Dass ya ja gefen rigata. "Baba, zauna! Namu ne aka kayar!"

"Namu a ina? Ƙanin babanka ne? Wanda ya yi kaye shi ake wa kirari, ko daga garin maƙiya ya fito."

Ya juya ya fassara musu. Wani tsohon Bature mai tumbi da jar fuska ya dube ni, ya dubi babbar rigata, ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ya cire mayafin wuyansa ya rataya mini. Daga nan duk wanda aka kayar, fari ko kore, sai ɗaki ya juyo ya jira ni. Ni kuwa wane ni in kunyata jama'a? Na buɗe maƙogwaro. Ɗan Dass, don murna, ya ɗauke ni a waya ya tura wa yayansa mai gyaran keke a Ƙofar Wambai, wai ga mutumin gida ya samu.

Da na dawo bayan mako uku, hoton ya riga ni zaga Gwallaga. Ina isa majalisa aka fara.

"Maraba da sarkin kirarin Ingila!"

"Kai dai gaya mana, me ke cikin kofin nan?"

Mutanen da suka ƙarar da cajin wayarsu suna kallona, su ne yanzu masu girgiza kai. Akwai wani tela maƙwabcina, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan lasifikar nan. Shi ya kai wa liman wayar da hannunsa, don kishin addini, in ji shi. Liman ya kira ni bayan la'asar a gaban dattawa huɗu, telan yana raɓe a bakin ƙofa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ruwan sama na shiga fakewa, na cikin kofin kuma ruwan tuffa ne. Har kwalin na gani."

"Na yarda. Kai da shayi ma in ya yi ƙarfi yake juya maka kai."

"To shi ke nan ai."

"Da saura. Yaran layin nan duk sun haddace. Jiya ana sujada wani ya leƙo ta taga ya ce, na ƙasa, gai da ƙasa. Sahu biyu suka sake sallah. In ka ɗauki lasifika yanzu, mutane dariya za su yi, kuma ba a dariya a kiran sallah."

Telan ya sa baki. "A tambaye shi, Malam, awa nawa ruwan saman ya yi?"

Na ce masa ya je ya ƙarasa wandon da ya riƙe mini tun ƙaramar sallah. Amma maganar Malam gaskiya ce, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da ƙarya aka yi mini da na yi rantsuwa. Na ciro makullin akwatin lasifika daga aljihu na ajiye a kan buzunsa. Ya ce a bari maganar ta lafa, sannan a gani.

Yanzu telan ke kira. Numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen kalma, a tsakiya yake tsayawa ya yi tari, unguwa duka ta ji. Ba mai ɗaukar wannan a waya.

Damina biyu ke nan. Kowace Juma'a nakan tsaya bayan an watse in ce, "Malam, ta lafa?" Yakan dubi ƙasa ya ce, "Ta kusa." Makon jiya har na ga alamar zai ce wani abu daban, ya buɗe baki, sai wani mai keke ya rage gudu a ƙofar masallaci, ya leƙo da kai ya ƙwala mini, "Baba guduma, ina wuni!"

Malam ya rufe bakinsa, ya nemi takalmansa.