Ranar da Zdravko Ya Wanke Mini Kwalba

Mijina Zdravko, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma kai, ya ba ni ciwon kai a duniyar nan. Shekara talatin da ɗaya yana tashar jirgin ƙasa, shi ke ɗaga tuta jirgi ya tashi. To abin ya bi jininsa. Ko shayi za a sha sai ya duba agogo. Kuma ba ya iya ganin kwano da datti ya wuce.

Duk lokacin zafi sai ya kwashe mu, ni da 'yarmu Nevena, zuwa dajin gwamnati na dutsen Pirin, mu kafa tanti a bakin rafi kwana shida. Ni kwanan ƙasa ba ya yi mini, amma ina bi. Kuma ƙafata ƙafar irin kindirmona, wanda nake zubawa a madara ta kama. Ɗan cokali uku ne a ƙaramar kwalba, na ɗaure bakin da ƙyalle. Uwata ta ba ni shi ranar da aka kai ni ɗakina, ita ma a wurin tata uwar ta samu. Ba mu da firji lokacin, in na bar shi a gida lalacewa zai yi. Sai in riƙa sayen madara wurin makiyaya ina sabunta shi, kwalbar kuma in soke ta cikin ruwan rafi tsakanin duwatsu biyu.

Ranar komawa, tun da safe ya fara. "Ƙarfe goma mota za ta tashi! Wanda bai shirya ba ya biyo mu a ƙafa."

Ya naɗe tanti, ya tsince ko ɓawon ƙwai bai bari ba, ya jera kaya a but kamar mai ginin bulo. Ni ina can ina kakkaɓe barguna. Da na gama na gangara rafi in ɗauko kwalbata. Duwatsu biyu na nan, kwalba babu.

Na juyo, sai ga ta a kan mota, a kife, tana walƙiya.

Na ce, "Zdravko, me ka yi?"

Ya ce, "Na wanke miki. Har da yashi na dirje ta. Wani guntun abu ne a ciki, ya yi tsami."

Wai ya yi tsami! Shekara ashirin da huɗu mutumin nan yana shan kindirmona safe da yamma, bai taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Na zauna a kan dutse.

Ya ce, "Haba tsohuwa, a sayo na kanti mana a ɗiba."

Nevena ta ce, "Baba, don Allah yi shiru, kana ƙara ɓata abin."

Ina zaune sai na ga wani abu ya leƙo daga aljihun wandonsa. Ƙyallen bakin kwalbar ne. Ya cusa shi wai sai an je gida a wanke da sabulu. Na fizgo. Ga kindirmo ya bushe a jikinsa, fari, kamar alli.

Na ce, "Fito mini da risho da tukunya."

"Risho yana can ƙasan kaya!"

"To ka tono shi."

Ya duba agogo, ya dube ni, ya fara sauke ginin nasa yana ƙunƙuni. Nevena ta hau wurin makiyaya ta karɓo madara. Na tafasa, na bar ta ta huce har na iya sa ɗan yatsana in ƙirga goma. Na jiƙa ƙyallen a ciki, na juye a kwalbar, na ce ya tuɓe rigar sanyinsa, na naɗe ta da ita.

Ya ce, "Madalla, riƙe a cinya mu tafi."

Na ce, "A wannan hanyar mai ramuka? Kindirmo ba ya kamawa in ana girgiza shi. Babu mai motsi sai la'asar."

Ka ga mutumin da bai taɓa makarar da jirgi ba yana zaune a kan akwati da singileti, awa shida. Sau uku yana miƙa hannu zai leƙa, ina buge hannun.

Da na kwance rigar, na karkata kwalbar a hankali. Ya kama. Bai yi kauri irin na da ba, amma ƙanshin na uwata ne. Na ɗanɗana, na rufe.

Ya ce, "Ni ba za a ba ni ba?"

Na ce, "Ka je kanti."

Jikan wannan irin ne kuke sha yanzu. Shi kuwa har ya bar duniya bai daina wanke-wankensa ba, sai dai in ya ga kwalba yakan ɗago ta ya ƙwala mini kira tukuna: "Penka! Wannan datti ne ko gado?"