Atamfar Alhazai a Bakin Kogin Indiya

Shekarun da salula ta shigo Abuja, kowa na yawo da tasa a hannu don a gani, muna da maƙwabci Ba'indiye a Garki, mai aiki a cibiyar kimiyya ta Sheda. Daga shi sai tsohuwarsa. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, amma duk la'asar tana kan tabarmata muna gyaran alayyafo.

Wata rana ya ce zai kai ta babban taron addininsu, ta yi wanka a kogin da suke girmamawa kafin rai ya yi halinsa. Jirgin sama, sai jirgin ƙasan da har ta taga ake shiga, sai doguwar tafiya a ƙafa cikin jama'a. Ya zaro wayoyi biyu sababbi fil.

"Hajiya, babu wahala. In Mama ya ɓata, ina kira shi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Oga! Duk bokon nan ba ka san taro ba? Tsohuwar da ba ta jin sallama, ita za ta ji ƙarar waya?"

Na buɗe akwati na ɗauko atamfar alhazanmu, kore da fari, irin wadda muke sawa iri ɗaya don kada mu ɓace wa juna a Makka. Na yafa mata. Ya yi dariya, wai can ja da rawaya ake sawa. Na ce dalili ke nan, kuma ko barci za ta yi kada ya bari ta cire.

Wata guda ban samu natsuwa ba. Ran da suka dawo, ya zauna a ƙofata, ya rame. Ya ce a kan wata gada aka matse su, hannunta ya suɓuce masa. Waya kuwa, ko sabis babu. Ya kai sunanta wurin masu lasifika, shiru. Tun hantsi yake kutsawa yana kuka, takalminsa ma ya tafi. Sai wajen la'asar ya hau shingen gora ya duba, can cikin ja da rawayan nan ya hango kore da fari. Tana zaune a yashi, jiƙe sharkaf. Ta yi wankanta ita kaɗai, tana jiransa.

Tsohuwar ta miƙo mini atamfar a ninke, ta riƙe hannuna. Na fashe da kuka, suka ɗauka na murna ne.

Ban gaya musu atamfar ta mahaifiyata ce ba. Ranar da ta ɓace mana a Mina, atamfar ba ta jikinta. Ni na ce ta cire in wanke mata. Kwana uku muna nema kafin a nuna mana gawarta a asibiti.