Yadda Na Goge Tauraro da Tifes

Shekarun baya, ina aji ɗaya na babbar sakandare, na goge tauraro guda sukutum da tifes, farin ruwan nan na shafe kuskuren biro. Sau goma sha biyu ma kuwa. Gara in faɗa muku da bakina kafin abokina ya riga ni, don shi idan ya tashi ba da labarin sai ya sa masa gishiri.

Malaminmu na fizik mutum ne da taurari suka shiga ransa. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya bi da kai ta duniyar wata kafin ya duba agogo. Wata Laraba ya shigo ƙungiyar kimiyya da takardu goma sha biyu da wani abokinsa na jami'a ya turo masa. Kowacce fara fat, da 'yar alama a tsakiya, sai ɗigo biyu baƙaƙe a gefenta, babba da ƙarami. Ya ce hotunan wasu taurari ne masu zagaya juna, ana ɗauka duk bayan shekara uku. Aikinmu shi ne mu sa rula da abin auna kusurwa na cikin masset, mu auna inda kowane ɗigo yake a kowace takarda, mu zana hanyar da yake bi, mu faɗi shekarun da zagaye ɗaya ke ci.

"Ku ɗauka ƙato da siriri sun riƙe hannu suna juyi," in ji shi. "Siririn zai sha zagaye mai faɗi, ƙaton ɗan motsi kawai zai yi. Ta haka ake gane wanda ya fi nauyi."

Kowa ya waiwayo ya kalle mu, don abokina buhun masara ne, ni kuwa tsinken tsire.

Malam ya zaɓi mu huɗu ya raba mu biyu: ni da abokina, sai wasu 'yan mata biyu na ajinmu. Waɗanda aikinsu ya fi kyau su za a kai gasar kimiyya ta makarantun jiha. Ni ban damu sosai ba, abincin da ake rabawa a wurin nake hange. Abokina kuwa abin ya zame masa rai da rai. Yayansa ya taɓa zuwa gasar, takardar yabonsa na rataye a falonsu na unguwar Federal Low-Cost, kuma babansu ba ya wucewa ta gabanta bai yi gyaran murya ba. Malam ya ƙara wata magana kafin a tashi, amma lokacin ina liƙa wa wani yaro jelar takarda a wando.

Ni na kai takardun fotokofi a wani shago kusa da filin wasa na Pantami. Da suka fito sai na ga wani ɗan ɗigo dishi-dishi can ƙasa a kusurwar hagu. Na duba ta biyu, yana nan. Ta uku, yana nan.

"Maigida, wannan fa?"

"Kashin ƙuda ne a gilashi, ɗan samari. Injin nan ya girme ka." Ya sa tsumma ya goge gilashin.

Na duba takardun Malam na asali, na ga su ma da ɗigon. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce ashe injin Malam ma ƙudan ya kai masa ziyara. Malam kuwa yana rage maki a kan ƙazanta, ko zanen yatsa ya gani a littafinka sai ya kewaye shi da jan biro. Don haka na ari tifes ɗin yayata ba da saninta ba, na zauna na bi takardunmu na fotokofi ɗaya bayan ɗaya ina shafe ɗigon, ina hurawa ya bushe. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da abokina ya ga farin tabon ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

"Tsafta, mutumina. Maki biyar ne kyauta."

Mako biyu muna aiki a gidansu bayan la'asar. Shi ke aunawa sau uku-uku, ni ina rubutawa ina shan zoɓo. Mahaifiyarsa takan leƙo ta ce, "Har yanzu ɗigon nan biyu kuke kallo? Ko za su haihu ne?" A ƙarshe hanyar ta fito a takarda kamar ƙwai. Muka samu zagaye ɗaya na cin wajen shekara talatin da shida, babban kuma ya kusa ninka ƙaramin nauyi. Abokina ya riƙa kallon zanen kamar hoton amarya.

Ranar gabatarwa mu muka fara. Malam yana gyaɗa kai, ni har na fara tunanin shinkafar gasa. Da muka gama ya ce, "Madalla. Na ukun fa?"

"Na ukun wa, Malam?"

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta miƙe da tasu takardar. Ta ce akwai ɗigo a kusurwar hagu, da farko su ma sun ɗauka datti ne, amma da suka sa rula sai suka ga daga takardar farko zuwa ta ƙarshe ya matsa milimita huɗu. Malam ya ce shi ne tauraro na uku. Yana can nesa yana zagaye waɗancan biyun, kuma saboda nisan, zagayensa ɗaya sai ya ci ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ake ganin kamar a tsaye yake. Sai ya ɗauki takardarmu ya ɗaga ta saitin taga. Ga ɗigon nan ta baya, raɗau, a ƙarƙashin fentina.

"Wa ya yi mana farar ƙasa?"

"Malam, mai fotokofi ne ya ce kashin ƙuda ne."

"Ƙudan da kashinsa ke tafiya ai ya cancanci a auna shi. Me na ce muku ranar da na ba ku takardun?"

'Yan matan suka haɗa baki: "Duk abin da kuka gani a takardar nan, ku auna shi."

Ashe maganar da ta wuce ni kenan ina liƙa jela. Abin da ya fi ciwo, Malam ya ce awon da muka yi wa taurari biyun ya fi nasu daidai. Bayan an watse na bi shi na ce laifina ne ni kaɗai, a haɗa abokina da ɗaya daga cikin 'yan matan. Ya ce a'a, abokin nawa ma ya ga farin tabo sau goma sha biyu bai ɗaga takarda ya duba ba.

Ni da abokina muka shiga keke napep ɗaya zuwa unguwarsu. Da zai sauka ya ce, "Mutane suna kashe shekaru suna neman tauraro. Kai an kawo maka har gida ka shafe." Kwana tara bai yi min magana ba, na ƙirga.

Yanzu abin dariya yake ba ni, ko da yake har yau abokan makaranta Mai Tifes suke kirana. Abin da ya rage min dai shi ne, idan na ga abin da ban gane ba, nakan ɗan jira kafin in ce datti ne. Ba kullum ba, amma nakan tuna.

'Yan matan suka je gasar suka zo na uku. Ni da abokina muka ɗaukar musu kwalin zanensu zuwa bakin mota. Da shekara ta zagayo abokina ne ya je, tare da yarinyar da ta auna ɗigon.