Ranar da Aka Ƙwace wa Arewa Teku

Ko me zan manta a aikin rediyo, ban da Larabar da na tayar wa Kano hankali a kan tekun da ba mu da shi. Lokacin ina matsayin mai fassara, wato ni ke karɓar labaran ƙasashen waje da Turanci in mayar da su Hausa, edita ya duba, wani mai sa'a ya karanta a ji muryarsa. Na daɗe ina naci a ba ni fili nawa na sharhi a kan al'amuran duniya, don a ganina duk gidan babu wanda ya kai ni sanin duniya. Iyakar tafiyata kuwa a lokacin Zariya ce.

Da na ishi manajar shirye-shirye, Hajiya Rabi, sai ta ba ni rabin awa bayan la'asar, na gwaji. Ƙa'idar gidan ita ce, sabon shiri da kiran masu sauraro ake auna shi. Makonnin farko wayar situdiyo ko tari ba ta yi ba, in ka cire wani bawan Allah da ya bugo cigiyar akuyarsa. Hajiya ta tare ni a baranda ta ce, "Malam Sabo, wannan Larabar ce ta ƙarshe. In ba a kira ba, masu maganin basir suna son filin, kai kuma ka koma teburinka."

Sai na zaɓo batun da nake ganin zai nuna zurfina. Can ƙuryar arewacin duniya akwai tekun da ƙanƙara ta daɗe da rufewa. Yanzu zafi ya sa tana narkewa, jiragen ruwa sun fara samun yanke tsakanin gabas da yamma. Kanada ta ce ruwan da ya ratsa tsakanin tsibiranta nata ne, sai da izininta za a bi. Amurka ta ce hanyar kowa ce. Ga kuma gardamar masu tsaro a kan abin da za a fara sa wa gaba, jiragen fasa ƙanƙara ko ƙarin sojoji a bakin gaɓa. Na zauna a zaurenmu na Yakasai na shirya tsaf, har da zana taswira, sai ka ce masu sauraro za su leƙo ta cikin akwatin.

Jar fitila ta kama, alamar muna kan iska. Na gyara murya na ce, "Jama'a, yau za mu duba rigimar da ake yi a kan hanyoyin tekun Arewa. Wata ƙasa ta ce tekun Arewa mallakinta ne, har ana maganar girke sojoji."

Ban kai ga faɗin sunan ƙasar ba na hango Ɗanlami, furodusan shirin, ta bayan gilashi yana ɗaga min hannu, layuka duk sun cika. Daɗi ya kama ni har ciki. Na ce a raina, ashe dama Kanawa mai ilimi suke jira.

Wani dattijo daga Dala aka fara sakowa. Ya ce, "Malam Sabo, Allah ya yi maka albarka da ka tona. Ashe muna da teku aka ɓoye mana, muna ta jiran kaya daga Legas a tirela?"

Na ce, "Baba, ai ba wannan Arewar ba..."

"To Arewa nawa ce?"

Wata baiwar Allah ta bugo tana tambayar a wace jiha tekun yake. Kafin in amsa wani direba ya ba ta amsa, ya ce wajen Nguru ne, shi ya taɓa ganin ruwan da idonsa. Wani kuma cikin fushi ya ce me sojojinmu suke jira har baƙi su riga su. Ɗanlami ya raɗa min ta na'urar kunne, "Oga, gyara fa, mai gadi ya ce mutane sun fara tsayawa a bakin get." Na ɗaga kai sai ga Hajiya a bayansa, ta harɗe hannu. Na san wannan tsayuwar. Kira na samu, amma irin wanda ake korar mutum a kansa, tsoro kuwa ya kama ni sosai.

Na ture taswirar gefe na ce, "Jama'a, don Allah a saurare ni. Arewar nan ta Turawa ce, can inda rana kan yi watanni ba ta fito ba. Mu ajiye teku. Ku ɗauka lungu ne a cikin gari, gidan dama da na hagu duk na mutum ɗaya. Da can kwata ta cika shi, ba mai bi. Yanzu ta bushe, kowa ta nan yake yankewa zuwa masallaci. Lungun na mai gidajen ne ko na masu wucewa? In nasa ne, ƙyaure zai fara sawa ko mai gadi zai ɗauka?"

Sai wani Alhaji ya bugo daga wajen Ƙofar Ɗan Agundi. "Malam, wa ya kawo maka ƙarata? Lungun nan tun kakana namu ne!" Yana ajiyewa maƙwabcinsa ya shigo layi, ya ce ta nan aka fita da gawar kakan, kuma su suka ɗauka. Wata Hajiya ta ce nata maƙwabcin ya kafa teburin mai shayi a tsakiyar hanya, ko buhun gawayi ba ya wucewa. Na yi ƙoƙarin komawa kan Kanada, wani ya ce, "Malam, bar Kanada, su ma su je wajen mai unguwarsu." Har lokaci ya cika ba wanda ya ƙara ambaton teku, na bakin get ma suka watse suna gardamar lungu.

Washegari Hajiya Rabi ta kira ni ofis. Ta ce, "Filin ya zama naka. Amma daga yau na lungu ne da magudana da katanga."

Na ce, "Ranki ya daɗe, al'amuran duniya fa?"

Ta ce, "Ai duniyar ke nan, Malam Sabo."

Haka na yi ta sasanta rigimar kwata har na yi ritaya, ni da na ɗauka ministocin tsaro zan riƙa yi wa gyara.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya. Fassarata ba ta da kuskure ko ɗaya, amma kalma in ta bar bakinka ta zama ta mai ji, kuma Arewa a kunnen Bakano tana da masu ita. Mutanenmu ba sa buƙatar a koya musu ma'anar iko da hanya, duk wanda ya haɗa katanga da wani ya san ta. Har yau in na fito Yakasai akan samu mai tsayar da ni ya ce, "Malam, tekun nan namu dai an dawo da shi?" Na gaji da bayani. Cewa nake ana kan magana.