Ranar da Na Goya Gwaggo a Keke Zuwa Ruga

Akwai ranar da ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. A daminar shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai abin ya faru. Lokacin ina saurayi, ban daɗe da zama mushen lakol, wato malamin makaranta, a Gidan Rumji ba, kuma na dawo hutu ƙauyenmu da ke kusa da Tibiri tare da sabon kekena.

Sai na faɗa muku gaskiya game da keken nan, domin a lokacin na fi kula da shi bisa ga cikina. Baƙi ne wuluk, da ƙararrawa mai zaƙin murya. Kullum sai na goge shi da tsumma, a ɗakina yake kwana, ba na ba kowa aro. Da safe bayan na sha kunu sai in hau in bi hanyar da ke bin gefen gulbi zuwa yamma. A zamanin nan sai ka yi kwana uku ba ka ga mota a wannan hanya ba. Abin da za ka tarar shi ne jaki, ko mata masu tallar nono, ko shamuwa tana kiwo a cikin ciyawa. Idan an yi ruwa da asuba, rairayin ya kwanta ya yi tauri, taya sai ta riƙa gudu kamar bisa daɓe. Gero ta dama da hagu ya fi ni tsawo, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinsa, gulbi yana can ƙasa yana tafiya da jan ruwa. Ba ni da wurin zuwa, yawo kawai nake yi, ina kaɗa ƙararrawa ko babu kowa.

Ran nan na yi nisa sosai, sai na hango wani Bafillatani yana tahowa da gudu-gudu, riƙe da sanda, wandonsa jiƙe har ƙugu. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu. Muka gaisa a gurguje, yana haki.

"Mushe, ka san tsohuwa mai karɓar haihuwa, ta ƙauyen can gaba? Matata tun jiya tana bisa gwiwa. Mata sun yi nasu, abu ya ƙi."

Na san ta kuwa, domin gwaggona ce, yayar mahaifina. Rabin mutanen yankinmu a hannunta suka faɗo, har da ni. Na dubi mutumin, na ga idan ya ci gaba da ƙafa, ya kai ƙauye, sannan suka tako da tsohuwa, rana za ta yi tsaka ba su iso ba. Na ce masa ya koma ya jira mu a mashigin da ke daidai rugarsu, ni zan kawo ta. Na juya keke. Ban taɓa taka feda kamar ranar ba.

Na iske Gwaggo tana tsinkar zogale a bayan ɗaki. Da ta ji bayani ba ta yi wata tambaya ba, ta shiga ta ɗauko ƙunshinta na saiwoyi da tsummoki, ta fito tana neman wanda zai ɗaura wa jaki akumari. Na ce mata jaki ba zai yi ba, ta hau keke in kai ta.

Ta dubi keken, ta dube ni. "Bisa wanga abu? Ɗan nan, abin da ba shi iya tsayuwa da kainai sai an jingina shi, shi za ka ɗora ni?"

"Gwaggo, matar tun jiya take wahala."

Sai ta ƙara ɗaure zanenta, ta naɗe wani tsohon bargo ta shimfiɗa a mazaunin baya, ta yi bisimilla ta zauna a karkace, ƙunshi a cinya. Matan gida suka fito ƙofa suna rufe baki da mayafi don kada ta ga dariyarsu.

Farkon tafiyar azaba ce. Duk inda keke ya karkata dama, Gwaggo sai ta karkata hagu don ta gyara shi, muna ta tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ta damƙe mini haƙarƙari da yatsun nan nata masu ƙarfi, tana ta salati. Na roƙe ta ta saki jiki ta zauna kamar buhun gero. Ta ce ita ba a taɓa kiranta buhu ba sai yau, amma ta saki jikin. Da muka kai wata gangara, keke ya ɗauki gudu da kansa, iska tana kaɗa mata kallabi, sai na ji salatin ya tsaya. Can ta ce, "Ashe haka abin yake. Iyakar gudunai ke nan?" Na ƙara wuta, ina dariya.

Daga nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Mun wuce wurin da na gamu da mutumin, muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe ta cikin fadama, ita na sani, kuma ta fi kusa. Ɗayar burtali ne da shanu ke bi, ya yi kwana ta kan tudu. Gwaggo ta ce in bi burtali. Na ce mata kullum nan nake bi, na san hanyata.

"Jiya da marece an yi ruwa gabas," in ji ta. "Fadama ta sha."

Ban saurara ba. Ni ne mushe, ni ne mai keke, ita kuwa yau ta fara hawa. Ba mu yi nisa ba ƙasa ta fara laushi, taya ta fara nauyi, kafin in taka birki ƙafar gaba ta nutse cikin laka. Keke ya tsaya cak, mu kuwa muka wuce. Na faɗi ta gefe ɗaya, Gwaggo ta zame ta zauna daɓas cikin taɓo.

Na tashi ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta fara duba ƙunshinta, ta ga bai jiƙe ba, sannan ta miƙo mini hannu na tashe ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Lokacin da muka ɓata ba namu ba ne, na yarinyar can ne. Jawo abinka mu koma."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kankare lakar da ta cushe tayoyin da tsinke, muka koma baya muka hau burtali. Kofaton shanu ya daddaɓe shi ya yi tauri, keke ya riƙa tafiya sumul. Daga nan duk inda ta ce in bi, nan nake bi.

A mashigi muka tarar da mijin yana kai da kawowa. Ruwa ya kai ƙugu, kuma yana da ja. Ya riƙe ta ta hannun dama, ya ce in riƙe ta ta hagu. Na dubi kekena. Ba yadda za a yi in ɗauke shi a ka kuma in riƙe tsohuwa. Na kwantar da shi cikin ciyawa a bakin gulbi, abin da ban taɓa yi ba, muka shiga ruwa. Gwaggo ta ɗora ƙunshi a ka, muka tsallaka da ita a tsakiyarmu.

Muna isa ruga muka ji kukan jariri. Na yi ajiyar zuciya, na ce a raina ashe wahalar banza muka sha. Sai wata dattijuwa ta fito daga bukka ta kama hannun Gwaggo, ta ce ɗaya ya fito, amma akwai na biyu, kuma ya kwanta a gicciye, uwar ta gaji. Gwaggo ta nemi ruwan zafi, ta wanke hannu har gwiwa, ta sunkuya ta shiga.

Mu maza muka zauna a gindin wata kanya. Aka kawo mini nono a ƙwarya na kasa sha. Mijin yana ta fere sandarsa da wuƙa ba tare da ya san yana yi ba. Ni kuwa fadamar nan kawai nake gani a idona, ina tunanin in wani abu ya samu matar nan, da wane baki zan ce ba ni da hannu. Muka yi azahar a wurin. Rana ta fara karkata, sai muka ji wani kukan, siriri, daban da na farko. Gwaggo ta leƙo, har yanzu da busasshiyar laka a zanenta, ta ce, "Mace ce. Uwar ma ta sha ruwa, tana magana." Mijin ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Sai a lokacin na ɗauki ƙwaryar nonon na shanye tas.

Gwaggo ta ce za ta kwana biyu wurin mai jego. Na tsallako ni kaɗai, na tarar da keke inda na bar shi, wata akuya tana tauna bargon da ke bayansa. Na komo gida a hankali ta burtali, laka har wuya, ban ko kaɗa ƙararrawa ba.

Na yi shekaru da yawa ina koyar da yara bayan wannan, amma darasin da ya fi zauna mini a fadama na koye shi. Wanda ya riƙe kan keke ba lalle shi ya san hanya ba. Kuma idan wani yana can yana jiranka cikin wahala, ba ka da ikon yin taurin kai, domin ba kai za ka biya kuɗinsa ba. Tun daga ranar, in wanda ya girme ni a wuri ya ce mini kada in bi nan, sai in tsaya in tambaye shi dalili kafin in taka.