Duwatsu Uku-Uku a Bayan Ma'adi

Jiya na tsinci takalmin marigayi Baba, dattijon da muka yi gadi tare a unguwar Dokki ta birnin Alƙahira, har yanzu da farar ƙasar kwarin bayan unguwar Ma'adi a jikinsa. Duk Asabar yakan ja ni gyaran turbar masu yawon ƙafa, muna ɗora duwatsu uku-uku don kada baƙo ya ɓata. Ni uban ragwaye, na taɓa karkatar da jerin zuwa inuwa. Ya ce, "Yalla, maza mayar! Wani zai bi ƙaryarka da ƙishirwa."

Yanzu ambaliya ta watsa duwatsun, tsufa ya cinye gwiwoyina, duk wanda na roƙa ya gyara sai ya ce ma'alish, wai in yi haƙuri. Turbar ma kabari za ta bi Baba. Allah Ya jiƙansa, Ya fitar da baƙon da zai shiga kwarin, don ni na kasa.