Yadda Ilya Ya Tashe Ni Daga Kujerar Sarkin Tafiya

Har in koma ga Mahaliccina ba za ni manta da ranar da Ilya ya tashe ni daga kujerata ba. Ku direbobin yanzu masu tuƙi da waya a kunne, ku matso. Aji huɗu na tsaya a boko, amma wannan darasi ni ne shehinsa.

A shekarun farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Unguwar Lalle, ni ne babban direba a ofishin gona na Sabon Birni. Tankar ruwa nake ja. In cika ta da safe, in zaga ƙauyuka, mata su yi layi da tuluna. Ƙarƙashina akwai ƙaramin direba, Ilya ɗan Kamarawa ta ƙasar Isa, mai jan motar Yallaɓai shugaban ofis.

A garejinmu muna da al'ada. Gindin darbejiya akwai tsohuwar kujera da aka ciro daga wata matacciyar akori-kura. Direban da ya fi kowa nisan tafiya a bakin aiki shi ke hawanta. Ana ce mishi Sarkin Tafiya, shi ake fara zuba wa shayi, in yana magana ba mai katse shi. Alƙalin wannan al'ada Baba Ɗanjimma ne, bakanikenmu. Tun da na kai takardu Kaduna kujerar ta zama tawa, har ta lotsa daidai mazaunina.

Bayan Babbar Salla aka kira Yallaɓai taro Ikko kan maganar fari. Ya ce in an tashi zai wuce da Hajiya da yara Badagiri su huta, su ga teku. A ƙa'idar aiki, doguwar tafiya ta babban direba ce. Na sa rigar Juma'a na shiga ofis.

"Ranka shi daɗe, yaushe muke tashi?"

"Malam Nomau, da Ilya za ni. In ka tafi, wa zai kai wa mutane ruwa?"

"Ranka shi daɗe, ƙasar Yarbawa fa za a! Dubi zanen fuskata. Bagobiri in ya sauka can, da gudu za su shimfiɗa tabarma, don sun san iyayen gijinsu sun iso. Yaron ga ko wasan bai iya ba."

Ya yi dariya, ya sa hannu a takardar Ilya.

Duk kwanakin da suka yi, in ruwa ya motsa cikin tankata sai in ji kamar da ni yake. Ni da ruwa kullum, amma ƙanen bayana aka kai ya gaishe da uwar ruwa!

Ilya ya dawo da malafa a ka da jarka a hannu, wai tsarabar ruwan teku. Ya zauna a ƙasa, mutane suka juya mini ƙeya. Wai ruwa ne ba ya da ƙetare. Wai akwai dawakin haya da ke sukuwa da yara bisa yashi, da lilo mai juyawa da kansa, da kwakwa da ake fille wa kai da adda a sha. Wai kusa da wurin akwai gidan namun daji inda ake ba biri ayaba. Ayaba, jama'a, a shekarar da muke tankaɗe dusa! Wani Bafillace da ya zo sayar da fatun shanunsa ya tambaya, "Duk ruwan ga ba mai shi?" Ilya ya ce ba mai shi, kuma ko saniya ba ta shan shi. Bafillace ya riƙe baki. Baba Ɗanjimma ya ce ran Juma'a za a yi naɗin sabon Sarkin Tafiya.

Kafin Juma'a na kai ruwa gidan Yallaɓai. Ina cika randa na ce, "Hajiya, an ce Ilya har ninƙaya ya yi."

"Wane Ilya? Ko yashin bai taka ba. Yallaɓai ya ce ya tsare mota da kaya a bayan shaguna. Jarkar ma ni na ɗebo mishi don tausayi."

Ranar nan da waƙa na tuƙa tanka.

Juma'a bayan masallaci gareji ya cika. Na gyara zama a kujerata, na zazzage labarin tas. Ilya ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Yaya Nomau. Ƙarar tekun na ji awa hadari, na hango ɗan farin kumfa tsakanin shago da shago. Sauran a bakin yara na ji shi, hanyar dawowa."

Na jira a yi ihu. Sai Baba Ɗanjimma ya goge hannu da tsumma.

"Nomau, kai da ka je Kaduna, mi ka gani?"

"Na ga gada, Baba."

"Daga ina?"

"Daga cikin mota."

"Ina ka kwana?"

"Cikin mota."

"To, mu nan taya muke aunawa, ba ƙafa ba. Tashi."

Na tashi. Ilya ya hau, aka zuba mishi shayin farko, wai har da sa mini albarka. Na ce, "Ilya, ruwan ga ka ɗanɗana shi?" Ya ce a'a. Na fizgi jarka na kafa kai. Wayyo! Kamar an jiƙa kanwa da gishiri aka ƙara maɗaci. Hawaye na zuba na ce, "Ku shaida, ni na fara shan teku a duk ƙasar Gobir." Baba ya ce an shaida, amma wannan sarauta ba ta da kujera.

Abin da na koya shi ne, mu direbobi mu ke kai mutane ƙofar daɗi, su shiga, mu tsaya gadin takalma. Duniyar da muke taƙama mun gani, rabi ta gilashi ce, rabi a bakin 'ya'yan oga. Shi ya sa ba mu cika tona wa juna asiri ba, kuma ranar na ga dalili.

Ilya yana Isa ya tsufa, har yau Sarkin Tafiya ake ce mishi. In na je gaishe shi sai ya ce a kawo wa Yaya ruwa, amma kada a sa gishiri. Ban huce ba. Don haka duk wanda aka tura bakin teku a cikinku, ya kulle mota, ya je ya tsoma ƙafa. In ya dawo kuma, don Allah kada ya ba ni labari.